Randar Jan Ƙarfe: Chardin da Tarihin Zanen Kayan Gida

A shekara ta 1667, manyan masu zane na birnin Paris sun yi zaman tattaunawa a majalisarsu mai suna Académie royale de peinture et de sculpture, wadda aka kafa tun 1648 ƙarƙashin inuwar sarkin Faransa. Wani marubuci, André Félibien, shi ya tattara abin da aka faɗa ya kuma yi masa gabatarwa, kuma a cikin gabatarwar ne ya jera masu zane hawa-hawa kamar tsani. A matakin ƙasa ya ajiye mai zana ƴaƴan itace da furanni. Sama da shi akwai mai zana daji da gonaki. Mai zana dabba mai rai ya fi mai zana abin da ba ya motsi, mai zana fuskar mutum kuma ya fi su duka. A can ƙololuwa sai wanda ke iya tara mutane da yawa cikin hoto guda ya ba da labarin yaƙi, ko na addini, ko na tatsuniyoyin Girka da Rum. Hujjar Félibien ita ce ɗan Adam ya fi kowace halitta kamala a doron ƙasa, saboda haka mai kwaikwayon siffarsa ya fi mai kwaikwayon albasa daraja.

Wannan jeri bai tsaya a fatar baki ba. Mai zanen tarihi kaɗai ke iya zama farfesa a majalisar, shi ake ba manyan ayyukan fada da na coci, kuma hotonsa ne ake ratayewa inda ido zai fara sauka. Mai zana tukunya da ludayi yana iya samun kujera, amma a bakin ƙofa.

Irin zanen da aka ajiye a ƙasan tsanin shi ne wanda malaman lakwal suka sani da sunan nature morte, sunan da ya kama a Faransa tun tsakiyar ƙarni na 18. Mutanen Holand sun riga su da kimanin shekara ɗari, suna ce masa stilleven, wato abu mai rai da ya tsaya cik. Bafaranshe ya ga mutuwa a inda mutumin Holand ya ga natsuwa. A nan za mu riƙa ce masa zanen kayan gida, domin mafi yawan abin da za mu yi magana a kai daga madafa ya fito.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce, rainin da ake mata shi ma haka. Pline, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79, ya ba da labarin wani Bagirke mai suna Piraikos da ke zana shagunan wanzamai da na dukawa, da jakuna, da kayan abinci, har aka laƙaba masa sunan mai zana tarkace. Sai dai Pline ya ƙara da cewa ƙananan hotunansa sun fi manyan hotunan wasu tsada. A bangayen gidajen Pompéi, garin da dutse mai aman wuta ya binne a wannan shekarar, an tarar da hotunan ɓaure da ƙwai da kifi da tulun gilashi. Daga nan sai abin ya yi dogon barci, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba sai wajen shekara ta 1600, lokacin da Caravage ya zana kwandon ƴaƴan itace a Italiya, Juan Sánchez Cotán kuma ya rataye kabeji da zare a bakin taga mai duhu a Tolède ta ƙasar Sipaniya. A Holand ne kasuwar ta buɗe sosai. Cocin Furotesta na can ya fitar da hotuna daga wuraren ibada, masu zane suka rasa babban mai saye, suka koma ga fatake da masu sana'a, waɗanda ke son ƙaramin hoto daidai bangon ɗakinsu. A garin Haarlem, Pieter Claesz da Willem Heda suka shahara da zana burodi da kifi da kofi a kan tebur. A Middelbourg, tsakanin 1683 da 1707, wani Adriaen Coorte ya yi ta zana ɗaurin ganye ko ƴan ƴaƴan itace a gefen dakalin dutse, wani lokaci a kan takarda da bai fi tafin hannu biyu ba.

Duk abin da aka zana daga wajen 1600 ɗin nan da fentin mai aka yi shi, kuma ya kamata a ce wani abu game da fentin, domin in ba shi ba da labarin ya bi wata hanya. Ana niƙa garin launi, a kwaɓa shi da man da aka tatsa daga irin tsiron lilin. Kafin ƙarni na 15, masu zanen Turai galibi da kwaiduwar ƙwai suke kwaɓi, ita kuwa nan da nan take bushewa. Mai yana ɗaukar kwanaki. Jinkirin nan ne ya ba mai zane damar narkar da haske cikin inuwa ba tare da an ga iyaka ba, da kuma shimfiɗa launi mai shara-shara bisa wani, har ido ya riƙa hango na ƙasa ta cikin na sama. An daɗe ana cewa Jan van Eyck, wanda ya rasu a Bruges a 1441, shi ya ƙago fentin mai. Ba haka ba ne. A 2008 masu bincike sun nuna cewa an yi amfani da mai a zanen kogunan Bamiyan na Afganistan tun wajen ƙarni na 7. Abin da van Eyck ya yi shi ne nuna iyakar abin da mai ke iyawa: ƙyallin tagulla, danshin ido, ruwa a cikin kwalba. A zamanin da muke magana ba a sayar da fenti cikin bututun ƙarfe, sai a 1841 aka ƙago wannan. Mai zane ko yaronsa ke niƙa, a ɗaure ragowar cikin mafitsarar alade.

Ɗan kafinta

An haifi Jean Siméon Chardin ranar 2 ga watan Nuwamba 1699 a Paris. Ubansa kafinta ne mai ƙera teburin wasan biliyar. Yaron bai yi zurfi a karatun Latin da tarihin dā ba, alhali su ne jarin mai zanen tarihi. Ya yi koyo wurin Pierre-Jacques Cazes da Noël-Nicolas Coypel, bai ci gasar zuwa Rum ba, bai taɓa taka Italiya ba, kuma kusan duk rayuwarsa a ƴan unguwannin da ke gefen kogin Seine ya yi ta. A 1724 ya shiga ƙungiyar masu sana'a ta Saint-Luc, wadda ƴan majalisar sarki ke kallo kamar taron masu fentin ƙofa.

Abokinsa Charles-Nicolas Cochin ya bar mana labarin yadda ya samo hanyarsa. An ba shi mataccen zomo, ya zauna zai zana. Sai ya ga in ya bi gashin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba, zai sami gashi ya rasa zomo. Ya yanke shawarar manta yadda wasu suka zana irinsa, ya kuma ja da baya har inda ƙananan abubuwa suka ɓace, ya rage sai dunƙulen siffa da launi da yadda haske ke kwanciya. Duk aikinsa na shekara hamsin daga wannan ja da baya ya fito.

A 1728 ya kai hotunansa baje kolin matasa da ake yi a fili, a dandalin Dauphine. Cikinsu akwai La Raie: wani kifin teku mai faɗi kamar faifai, an farke cikinsa an rataye shi a ƙugiya, ga kyanwa ta gantsare a hagu, ga tulu da tukunya da wuƙa a dama. Ranar 25 ga Satumba na wannan shekara majalisar sarki ta karɓe shi. Ana ba da labarin cewa ya jera hotunan a zauren shiga bai ce nasa ba ne, tsoho Nicolas de Largillière ya tsaya ya yaba, yana zaton aikin wani gwani ne daga Flandre, sannan ya ce wa saurayin to a nuna masa nasa. An rubuta shi a rajista a matsayin mai zana dabbobi da ƴaƴan itace, wato matakin ƙarshe.

La Raie babban hoto ne, faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma an yi shi don ya ja ido. Abin mamaki shi ne da ya sami shiga, sai ya rage murya. Wajen 1730 zuwa 1734 ya koma ga ƙananan hotuna na kayan madafa: tukunyar jan ƙarfe, ƙaramin turmi da taɓaryarsa, ƙwai biyu ko uku, albasa, wuƙa da ƙotarta ta ɗan leƙo daga bakin dakali. Kayan gidansa ne, domin an same su cikin lissafin dukiya da aka rubuta a 1737 bayan rasuwar matarsa ta fari, Marguerite Saintard.

Mafi girma a cikinsu, a ganina, shi ne mafi ƙanƙanta. La Fontaine de cuivre an zana shi a kan katako mai tsawon santimita 28 da rabi, faɗi 23, wato bai kai shafin rajistar kira ba. Randa ce ta jan ƙarfe mai murfi da famfo, tana zaune bisa ƙafafun itace. A ƙasanta bokiti, a gefe tulun ƙasa da wani kasko mai doguwar ƙota. Babu mutum, babu taga, babu labari. A Paris ta wancan zamani ba a ja ruwa zuwa gidajen talakawa da matsakaita ba. Ƴan ga-ruwa ke ɗebo shi daga kogi ko famfon unguwa, bokiti biyu a kafaɗa, su hau bene su juye a irin wannan randa. Duk wanda ya zauna a unguwar da ake jiran ɗan ga-ruwa da safe ya san matsayin randa a gida. Chardin ya zana ta daga ƙasa-ƙasa, daidai tsayin idon wanda ya durƙusa zai tari ruwa, shi ya sa take cika hoton kamar hasumiya. Jan ƙarfen ba ya walƙiya irin ta sabon kaya. Ya dushe a inda hannu ke yawan taɓawa, ya yi duhu a inda ba a gogewa.

A nan masanin tarihi yake samun abin da manyan hotuna ba su ba shi. Hotunan yaƙi da na alloli da aka biya da tsada a lokacin suna gaya mana yadda fada ke son a gan ta. Yadda ake ajiye ruwa, da irin wuƙar da ake yanka albasa, da siffar tulun mai, sai a wurin mai zana tarkace. Kayan yau da kullum su ne suka fi saurin ɓacewa ba a sani ba, domin ba wanda ke ganin sun isa a adana su. Mu ma mun ga yadda akushi da ƙoshiya da tulun ƙasa suka ja baya a gidaje da yawa cikin ƴan shekaru, kwano da roba suka maye gurbinsu, ba tare da an yi wata sanarwa ba.

Gudu daga madafa, da komowa

Yabo ba ya cika tukunya. Chardin ya yi aure a 1731, ga iyali, ga kuma farashin hotunan kayan gida a ƙasa. Pierre-Jean Mariette, masanin zane na zamanin, ya ruwaito cewa wata rana wata mata ta yi wa abokinsa Joseph Aved tayin livre 400 don ya zana fuskarta, Aved ya ce kuɗin sun yi kaɗan. Chardin ya yi masa faɗa a kan ƙin irin wannan kuɗi, shi kuwa Aved ya mayar masa da cewa zana mutum ba kamar zana tsiren nama ba ne. Maganar ta soke shi. Daga wajen 1733 ya shiga zana mutane: ƴar aiki tana tarar ruwa a randar nan dai, mai wanki, uwa tana koya wa ƴarta ɗinki, yaro yana gina ɗaki da katin wasa. Aka sassaƙa hotunan a farantin ƙarfe aka buga su da yawa, suka shiga gidajen da ba su iya sayen fenti. A 1740 aka gabatar da shi ga sarki Louis XV a Versailles, ya miƙa masa hotuna biyu, La Mère laborieuse da Le Bénédicité. Jakadan Suwidin, Tessin, ya saya wa kansa da fadar ƙasarsa, Frédéric II na Prusse shi ma ya saya.

Ya hau mataki ɗaya ke nan. Mai karatu zai zaci zai ci gaba da hawa. Sai ga shi wajen 1748 ya juyo, kuma bayan ƴan shekaru ya bar ƙirƙiro sababbin hotunan mutane. A lokacin hankalinsa ya kwanta ta fuskar kuɗi: ya auri Françoise-Marguerite Pouget a 1744, gwauruwa mai abin hannunta, sarki ya yanka masa livre 500 a shekara daga 1752, ya zama ma'ajin majalisa a 1755, aka ba shi masauki a fadar Louvre a 1757. Da ya sami ƴancin zana abin da ransa ke so, albasa da kofi ya zaɓa. Wannan zaɓi ya fi duk wata muhawara nuna abin da shi kansa ya ɗauki tsanin Félibien.

Hotunan wannan zango na biyu sun bambanta da na fari. Kayan sun ƙaru da ɗan tsada, akwai kofin azurfa da kwanon tangaran, amma iska ta fi yawa a tsakaninsu, gefunansu kuma sun yi laushi. Dubi wanda ke Pittsburgh ta Amurka a yau, na wajen 1761: kofin gilashi da ruwa, butar gahawa ta ƙasa mai ruwan ƙasa, kan tafarnuwa uku, da ɗan reshe. Iyakar abin ke nan. Farin tafarnuwa ya faɗa cikin ruwan, jan butar ya taɓa gefen gilashin, kowane abu ya ara wa maƙwabcinsa launi. Wannan ita ce dabararsa babba, kuma fentin mai ne kaɗai ke ba da ita: yana ɗora launi mai kauri, wani wuri kamar ɓarɓashi, ya bari ya sha iska, ya komo ya ɗora wani, har abubuwan su zama suna cikin haske guda. Ba ya sauri. Abin da aka sani na aikinsa bai wuce hoto kamar 200 ba, ban da maimaici, cikin shekara hamsin.

Akwai abin da butar ba ta faɗa, wanda mu ya kamata mu faɗa. Gahawar da ta zama abin sha na gidajen Paris a tsakiyar ƙarnin, akasarinta daga tsibiran Martinique da Saint-Domingue take zuwa, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ke noma ta. Natsuwar teburin Chardin gaskiya ce, amma an saye wani ɓangarenta daga nesa.

Diderot a gaban kwalbar zaitun

Tun daga 1737 majalisar ke shirya baje koli a wani zaure na Louvre, wanda daga gare shi aka sami sunan Salon. Shiga kyauta ne, jama'a na cika shi. Daga 1761 Chardin ne aka ɗora wa rataye hotunan kowa, aiki mai jawo gaba, domin kowane mai zane yana ganin an ɓoye nasa a lungu. A nan ya shaƙu da Denis Diderot, wanda daga 1759 yake rubuta sharhin Salon a wata jarida da ake kwafa da hannu ana aika wa ƴan tsirarun sarakunan Turai. Chardin ya zagaya da shi, ya koya masa kallo.

A sharhin 1763 Diderot ya tsaya gaban Le Bocal d'olives, hoton kwalbar zaitun da kofuna da ƴaƴan itace. Abin da ya rubuta, a taƙaice, shi ne mutumin nan kamar ba launi yake niƙawa ba, jikin abubuwan ne da iska da haske yake ɗebowa a bakin buroshi. Ya kuma lura cewa in ka matso kusa komai sai ya dagule ya baje, in ka ja da baya sai ya sake haɗuwa. Ya ce da zai sa ɗansa koyon zane, wannan hoton zai saya ya ce masa ya kwafa, ya sake kwafa. Duk da haka Diderot bai rushe tsanin ba. A wani wurin ya ce irin zanen Chardin shi ne mafi sauƙi, illa dai ba mai rai da ya kai shi kamala a nasa fannin. Yana ganin abin da idonsa ya gaya masa, yana kuma jin nauyin abin da aka koya masa, bai iya sulhunta su ba.

Malaman makaranta za su so jawabin da Diderot ya sa a bakin Chardin a farkon sharhin 1765. Tsohon ya roƙi masu suka su sassauta. Ya tuna musu cewa ana ba yaro alƙalamin zane yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya yi shekaru yana kwafar gumaka yana kuka, sannan a zaunar da shi gaban abu mai rai ya ga kamar bai taɓa koyon komai ba, kuma da yawa sukan watsar su koma soja ko wata sana'a. Ya san abin da yake faɗa. Ɗansa guda, Jean-Pierre, an tarbiyyantar da shi don ya zama abin da uban bai zama ba, mai zanen tarihi. Ya ci babbar gasar majalisa a 1754, ya tafi Rum, bai kawo wani aikin kirki ba, kuma a 1772 ya nutse a ruwan Venise. Tsanin ya ci mutum a gidan Chardin kansa.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Idonsa ya raunana, aka danganta abin da fentin mai, ya koma zane da allin launi. A Salon na 1771 ya fito da hoton fuskarsa da tabarau a kan hanci, a 1775 ya ƙara wani tare da na matarsa, jama'a suka yi mamakin tsoho mai shekara 70 da ɗoriya da ya shiga sabuwar sana'a ya kuma gwanance. Amma iko a majalisa ya koma hannun Jean-Baptiste Pierre, mai kishin zanen tarihi. Chardin ya ajiye ma'aji a 1774. A 1778, da ya nemi ƙarin taimako, amsar da ta zo daga ofishin d'Angiviller, mai kula da gine-ginen sarki, ta tuna masa cewa irin aikinsa ba ya cin kuɗi da lokaci kamar na abokansa masu babban fanni. Bayan shekara hamsin a majalisa, an sake nuna masa kujerarsa ta bakin ƙofa. Ya rasu ranar 6 ga Disamba 1779.

Bayan rai

Shekarun da suka biyo baya na David ne da jaruman Rum masu takobi. Juyin juya hali ya rushe majalisar a 1793, amma bai rushe tsanin ba, sai ma ya ƙara masa tsawo. Hotunan Chardin suka riƙa yawo a gwanjo da shagunan tsofaffin kaya a kan kuɗi kaɗan. Waɗanda suka tsince su ba hukuma ba ce, mutane ne masu ido: François Marcille, wanda ya tara da dama ya bar wa ƴaƴansa, da wani likita, Louis La Caze, da ya cika gidansa da hotuna. ƴan'uwan nan biyu marubuta, Edmond da Jules de Goncourt, suka buga nazari a kansa a 1863. Da La Caze ya rasu a 1869 ya bar wa Louvre hotuna 583, cikinsu har da randar jan ƙarfe da kwalbar zaitun. Shekara 90 bayan mutuwarsa, matasan masu zane suka sami inda za su ga hotunansa da yawa.

Kuma sun zo a daidai lokacin da tambayar ta sauya. Na'urar ɗaukar hoto, da aka bayyana a 1839, ta karɓe aikin kwafar kamanni. Mai zane ya fara tambayar kansa mene ne fenti ke yi wanda na'ura ba ta yi, amsar kuwa ta fi fitowa a inda labari bai rufe ta ba. Manet ya zana burodinsa a 1870 yana duban na Chardin. A 1880 ya sayar wa Charles Ephrussi hoton ɗaurin asperge, wani ganye mai kama da ƙaramar sanda, a kan franc 800, mai sayen ya aiko 1000, Manet ya zana ƙwaya ɗaya tak a ɗan ƙyalle ya aika masa a matsayin cikon ɗaurin. Cézanne ya yi shekaru da tuffa a kan tebur. Matisse yana ɗalibi ya zauna a Louvre yana kwafar La Raie. Marcel Proust, a 1895, ya rubuta nazari inda yake ɗaukar wani saurayi da ya ƙosa da talaucin ɗakin cin abincin gidansu ya kai shi gaban Chardin, don ya komo ya ga wuƙa da tebur da sabon ido. A Bologne ta Italiya, Giorgio Morandi, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1964, ya ƙare rayuwarsa yana sauya wa ƴan kwalabe da gwangwanaye wuri a ɗakin kwanansa, kuma ya ambaci Chardin cikin malamansa. Fannin da aka ce shi ne mafi sauƙi ya zama wurin da zanen zamani ya yi gwaje-gwajensa mafi wuya.

A Salon na 1761 Chardin ya rataye wani hoto mai santimita 38 bisa 46: kwando cike da fraises na daji, jajayen ƴaƴa ƙanana kamar magarya, an tula su sun yi tsini, ga kofin ruwa, ga fararen furanni biyu, ga ƴaƴan itace uku a gefe. Masu sharhin shekarar kusan ba su kula shi ba. Shaidar da ta tabbatar yana wurin ita ce ɗan zanen da Gabriel de Saint-Aubin ya yi a gefen takardar jerin hotunan. Daga baya ya shiga hannun iyalin Marcille, ya zauna wurinsu har ranar 23 ga Maris 2022, da aka yi gwanjonsa a Paris a kan yuro miliyan 24 da dubu ɗari huɗu, kimanin miliyar 16 na kuɗin sefa. Wani gidan tarihi na jihar Texas ne ke bayan mai sayen. Gwamnatin Faransa ta hana fitar da shi, ta sa shi cikin dukiyar ƙasa, abin da ya ba Louvre wata 30 ta nemo kuɗin. Kamfanin LVMH ya ba da kaso mafi tsoka, aka buɗe asusun neman taimako, mutane kusan 10,000 suka tara fiye da yuro miliyan ɗaya da rabi. A 2024 hoton ya zama na Louvre, kuma kafin a rataye shi a Paris an zagaya da shi garuruwan Lens da Brest da Clermont-Ferrand.